Yaushe Baƙo Ke Zama Ɗan Gari? Darasi Daga Indiyawan Gabashin Afirka

A shekarar 2009, wani ɗalibin sakandare a birnin New York ya zauna cike fom ɗin neman gurbin karatu a Jami'ar Columbia. Da ya zo inda ake tambayar asali da launin fata, sai ya sa alama a akwati biyu: na 'yan Asiya, da na baƙar fata. A wurin ƙarin bayani kuma ya rubuta cewa shi ɗan Yuganda ne. Bai samu gurbin ba, magana ta kwanta.

Bayan shekara 16, a watan Yulin 2025, jaridar New York Times ta tono fom ɗin. A lokacin yaron nan, Zohran Mamdani, ya zama ɗan takarar magajin garin New York. Nan da nan aka yi masa ca. Wasu suka ce ya raɓu da baƙar fata ne don ya ci gajiyar da aka tanada domin jikokin bayi. Shi kuma ya ce bai ɗauki kansa baƙar fata ba, shi Ba'amurke ne da aka haifa a Afirka, kuma fom ɗin ba shi da akwatin da ya dace da irinsa.

Surutun bai hana shi cin zaɓen ranar 4 ga Nuwamban 2025 ba, inda ya zama Musulmi na farko, kuma ɗan asalin Kudancin Asiya na farko, da ya hau wannan kujera. Amma tambayar da fom ɗin ya tayar tana nan: mutumin da kakanninsa suka fito daga Indiya, aka haife shi a Kampala, ya tashi a Amurka, ɗan ina ne? Kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci?

Tarihin al'ummar da Mamdani ya fito daga cikinta ya ba da amsa mai ɗaci. Turawan mulkin mallaka sun ajiye su a tsakiyar tsani, Bature a sama, baƙar fata a ƙasa. Zaman tsakiyar ya kawo musu kuɗi da ilimi, amma bai kawo musu kwanciyar hankali ba. Fasfo bai cece su ba a ranar da aka tashi korarsu, muƙami ma bai hana a zagi jikokinsu ba. Inda suka samu gindin zama na gaskiya shi ne inda suka haɗa kafaɗa da maƙwabtansu, kuma doka ta daina tambayar kakan mutum kafin ta ba shi haƙƙinsa.

Yadda suka zo Afirka

Fatake daga gaɓar Gujarat sun daɗe suna zuwa Zanzibar da Mombasa da jiragen ruwa tun kafin zuwan Turawa. Amma babban kwararowar ta zo ne da mulkin Birtaniya. Bayan haramta bauta a daular, masu gonakin rake sun rasa ma'aikata, sai aka koma ɗebo Indiyawa da yarjejeniyar ƙwadago ta shekaru. Daga 1834 zuwa 1917 an kwashi mutum fiye da miliyan ɗaya zuwa Mauritius, Guyana, Trinidad, Fiji da yankin Natal na Afirka ta Kudu.

A Gabashin Afirka kuwa, layin dogo ne sila. Daga 1896 zuwa 1901 an shimfiɗa dogo daga Mombasa zuwa gaɓar Tafkin Victoria da leburori kimanin 32,000 daga Indiya. Kusan 2,500 sun mutu a bakin aiki. Yawancin sauran sun koma gida, wajen 6,700 ne suka zauna. Bayansu sai ga 'yan tireda, teloli, kafintoci, akawu-akawu da malaman makaranta, suna bin dogon suna kafa kantuna har cikin ƙauyuka.

A can ana kiransu 'yan Asiya ne a dunƙule, domin lokacin da kakanninsu suka taso babu Pakistan, babu Bangladesh. A cikinsu akwai mabiya Hindu, da Musulmi na mazhabobi daban-daban, da 'yan Sikh, da Kiristocin Goa. A gida ba su cika ga-maciji da juna ba, amma a idon gwamnatin mulkin mallaka duk abu ɗaya ne.

Tsani mai hawa uku

A Kenya ta wancan zamani komai kashi uku ne: makaranta, asibiti, unguwa, har albashi. Ƙasar noma mai albarka ta kan tudu an keɓe wa Turawa, Ba'indiye ba shi da ikon mallaka a can. Ɗan Afirka kuma an taƙaita masa abin da zai noma da kasuwancin da zai shiga. Abin da ya rage wa Ba'indiye shi ne ciniki da aikin ofis na matsakaicin mataki.

Sakamakon haka, manomi ɗan ƙasa ba ya ganin gwamna Bature, ba ya ganin mai banki a Landan. Wanda yake gani kullum shi ne Ba'indiyen da ke auna masa auduga, yake yanka mata farashi, yake ba shi bashin gishiri da kananzir. A Yuganda masana'antun gurzar auduga galibi a hannun 'yan Asiya suke, kuma neman a bar ɗan ƙasa ya gurje audugarsa da kansa yana cikin dalilan boren 1949. A 1959 ma an yi gangamin ƙaurace wa kantunan waɗanda ba 'yan Afirka ba a masarautar Buganda.

Ba za a ce Turawa ne kaɗai da laifi ba. Da yawa daga cikin Indiyawan sun zo da nasu ra'ayin na fifiko daga gida, inda ake gadon daraja da ƙasƙanci, ake kuma fifita farar fata. Sun karɓi hawan tsakiya hannu bibbiyu. Sun rufe ƙofar auratayya, sun raina masu yi musu aikin gida. Ko Mahatma Gandhi, wanda aka jefo daga jirgin ƙasa a Pietermaritzburg a 1893 saboda launinsa, a rubuce-rubucensa na farko a Afirka ta Kudu koken da yake yi shi ne an haɗa Indiyawa da baƙar fata a aji ɗaya, kuma ya yi amfani da kalmar ƙasƙanci a kansu. Wannan ne ya sa malamai da ɗalibai a Jami'ar Ghana suka tashi tsaye har aka cire mutum-mutuminsa daga harabar jami'ar a Disambar 2018.

Kwana 90

Ranar 4 ga Agustan 1972, Idi Amin ya sanar da cewa 'yan Asiya su fice daga Yuganda, ya ba su kwana 90. Ya zarge su da tatse tattalin arzikin ƙasa da ƙin cuɗanya da mutane. Da farko umarnin ya shafi masu fasfon Birtaniya da sauran waɗanda ba su karɓi zama 'yan ƙasa ba. Daga baya ya ce har da masu takardar zama ɗan Yuganda, sannan ya janye. Sai dai tantancewar da aka yi ta soke takardun dubban mutane, suka wayi gari ba su da ƙasa ko ɗaya a duniya.

An yi ƙiyasin cewa 'yan Asiya a Yuganda sun kai 80,000 a lokacin. Mafi yawansu sun fita da akwatin hannu da 'yan kuɗin da aka yarje musu, sojoji na ƙwace agogo da sarƙoƙi a shingayen hanyar Entebbe. Kimanin 28,000 suka nufi Birtaniya, wajen 6,000 suka tafi Kanada, sauran suka bazu a Indiya, Pakistan da wasu ƙasashe.

A cikin waɗanda aka kora har da mahaifin Zohran, wato Mahmood Mamdani, wanda bai daɗe da komawa gida daga karatu a Amurka ba. Ya tsinci kansa a sansanin 'yan gudun hijira a Landan.

Shin talakan Yuganda ya ci ribar korar? Kantuna da masana'antu an raba wa sojoji da 'yan korensu. Cikin 'yan shekaru sukari, sabulu da gishiri suka zama sai mai hanya, a ƙasar da ke da manyan gonakin rake. Amin kuma, da ya gama da baƙi, ya ci gaba da kashe 'yan ƙasa, musamman ƙabilun Acholi da Langi. Waɗanda suka mutu a mulkinsa dubban ɗaruruwa ne, kuma kusan dukkansu baƙar fata ne. Wanda ya koyi korar mutum saboda asalinsa ba ya tsayawa a kan baƙo.

A ƙarshe ƙasar ta lashe amanta. An yi dokar mayar da kadarorin da aka ƙwace a 1982, Yoweri Museveni kuma da ya hau mulki a 1986 ya yi ta kiran su dawo. Iyalan Madhvani sun koma kan masana'antar sukarinsu ta Kakira. Amma tsohon gyambon bai warke sarai ba. A Afrilun 2007, zanga-zangar adawa da ba wa wani kamfanin sukari na Indiyawa wani yanki na dajin Mabira ta rikiɗe a Kampala, aka kashe wani Ba'indiye da ba shi da hannu a lamarin.

Fasfon da bai buɗe ƙofa ba

Da yawa daga cikin Indiyawan Gabashin Afirka sun zaɓi riƙe fasfon Birtaniya a lokacin samun 'yancin kai, suna ganin shi ne garkuwarsu in rana ta ɓaci. Ashe kallon kitse suke yi wa rogo.

A farkon 1968, da 'yan Asiya na Kenya suka fara kwarara Landan saboda dokokin da suka hana su aiki da ciniki, majalisar dokokin Birtaniya ta yi gaggawar zartar da sabuwar dokar shige da fice cikin 'yan kwanaki. Dokar ta ce mai fasfon Birtaniya ba zai shiga ƙasar kai tsaye ba sai in shi, ko mahaifinsa, ko kakansa yana da alaƙar haihuwa ko zama ɗan ƙasa da Birtaniyar kanta. Ba a ambaci launin fata ba, amma kowa ya san wanda aka nufa. Jikan Bature da ke Nairobi zai wuce, jikan Ba'indiye sai ya bi layi. Gwamnatin jam'iyyar Labour ce ta yi wannan.

A 1972 gwamnatin Edward Heath ta yarda ta karɓi waɗanda Amin ya kora, kuma ya kamata a yaba mata, domin ta yi hakan ne cikin adawa mai zafi daga cikin jam'iyyarta. Sai dai tarbar ba ta zo da fara'a a ko'ina ba. Hukumar birnin Leicester ta sayi fili a jaridar Uganda Argus ta buga sanarwa tana shawartar su kada su zo birnin, wai babu gidaje, makarantu sun cika.

Sanarwar ta zama tamkar talla. Dubbai suka nufi Leicester. Wanda jiya yake da kanti da direba a Jinja, yau ya zama lebura a masana'anta. Suka sayi tsofaffin kantunan titin Belgrave suka raya su. Birnin da masu kallon ƙwallo suka sani da kofin Firimiya na 2016, da Ahmed Musa da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho, a ƙidayar 2021 kashi 43 cikin ɗari na mazaunansa 'yan asalin Asiya ne. A 2022 gidan tarihi na birnin ya shirya baje koli na musamman don tunawa da cika shekara 50 da zuwan mutanen da aka ce kada su zo.

Har cikin fadar firaminista

Ranar 25 ga Oktoban 2022, Rishi Sunak ya zama firaministan Birtaniya. An haife shi a Southampton a 1980, mahaifinsa haifaffen Kenya ne, mahaifiyarsa haifaffiyar Tanganyika. Priti Patel, wadda iyayenta suka fito daga Yuganda, da Suella Braverman, wadda mahaifinta ya fito daga Kenya, mahaifiyarta daga Mauritius, dukansu sun riƙe ma'aikatar harkokin cikin gida. In dai muƙami ne ma'auni, to an gama magana.

Amma ga abin da ya biyo baya. Patel ce ta sa hannu a yarjejeniyar tura masu neman mafaka zuwa Rwanda a Afrilun 2022. Braverman ta kare shirin da zafi, Sunak ya riƙe shi ko bayan da Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce ya saɓa wa doka a Nuwamban 2023. 'Ya'yan waɗanda suka tsallako daga Gabashin Afirka su ne suka tsaya kai da fata a kan mayar da wasu masu neman mafakar can.

Ba dole ba ne ɗan baƙo ya goyi bayan buɗe iyaka. Yana da 'yancin ra'ayinsa kamar kowa, kuma tsammanin cewa launin fatarsa ne zai zaɓa masa jam'iyya shi ma wani nau'in raini ne. Abin tambaya shi ne ko wannan tsaurin ya sayo musu karɓuwar da ake zato. A Yunin 2024, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, tashar Channel 4 ta naɗi muryar wani mai yi wa jam'iyyar Reform kamfe yana zagin Sunak da kalmar nan da 'yan daba suka riƙa jifan 'yan Asiya da ita a titunan Ingila a shekarun 1970. Sunak ya fito ya ce abin ya yi masa ciwo, musamman da yake 'ya'yansa mata biyu sun ji. A farkon 2025 kuma aka shiga muhawara a kafafen watsa labarai kan ko Sunak, haifaffen Ingila, zai iya kiran kansa Ba'ingile. Braverman da kanta ta rubuta cewa ita 'yar Birtaniya ce amma ba za ta taɓa zama cikakkiyar Ba'ingiliya ba.

Akwai kuma batun Shamima Begum, wadda aka haifa a Birtaniya, ta gudu Siriya tana da shekara 15 ta shiga ƙungiyar IS. A 2019 aka soke mata zama 'yar ƙasa bisa hujjar cewa tana iya neman na Bangladesh ta hanyar iyayenta, ƙasar da ta ce ba ta san da ita ba. Laifin da ake zarginta da shi babba ne, kotu ce ta kamata ta yi mata hukunci. Amma wanda iyayensa da kakanninsa duk 'yan Ingila ne, ko me ya aikata, ba za a iya yi masa haka ba, domin ba shi da wata ƙasar da za a jingina shi da ita. Ke nan 'yan ƙasa sun zama iri biyu: masu takardar dindindin, da masu takardar da za a iya karɓewa.

Amurka da shari'ar 1923

A Amurka ma an gwada neman tsira ta hanyar raɓuwa da na sama. Bhagat Singh Thind, ɗan Sikh daga Punjab da ya yi aikin soja a rundunar Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya nemi zama ɗan ƙasa. Dokar lokacin ta amince da farar fata da 'yan asalin Afirka ne kawai. Thind bai ƙalubalanci dokar ba. Hujjarsa ita ce shi ɗan babban gida ne a Indiya, tsatsonsa ɗaya da Turawa, don haka a lissafa shi cikin farare. A 1923 Kotun Ƙoli ta ce a'a: fari shi ne wanda mutumin kan titi ya sani da fari. Bayan hukuncin aka bi wasu Indiyawan da suka riga suka samu takarda aka ƙwace.

Ƙofar ba ta buɗe sosai ba sai da dokar shige da fice ta 1965, wadda ta zo a guguwar fafutukar baƙar fata ta neman 'yanci, shekara guda bayan dokar haƙƙin jama'a ta 1964. Likitoci da injiniyoyin Indiya da suka cika Amurka bayan nan sun shiga ne ta ƙofar da jikokin bayi suka sha duka da ɗauri wajen turawa. Duk da haka sai aka riƙa nuna su a matsayin baƙi na gari, abin koyi, ana yi wa baƙar fata gori da nasararsu. Ba a faɗin cewa biza ce ta tace su tun daga gida, masu digiri aka zaɓo.

Yabon kuma bai zama sulke ba. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumban 2001, aka harbe Balbir Singh Sodhi, ɗan Sikh mai gidan mai a jihar Arizona, saboda rawaninsa da gemunsa. A Fabrairun 2017 aka harbe Srinivas Kuchibhotla, injiniya ɗan Indiya, a jihar Kansas, maharbin yana ihun su fice masa daga ƙasa. Shi kansa Zohran Mamdani, wanda ya zama ɗan ƙasar Amurka a 2018, yana cin zaɓen fid da gwani a Yunin 2025 wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Tennessee ya nemi a binciki takardarsa da nufin soke ta.

Waɗanda suka bi ɗaya hanyar

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Kenya, Makhan Singh ya kafa ƙungiyar ƙwadago da ta haɗa Indiyawa da 'yan Afirka, ya nemi 'yancin kai a fili, Turawa suka tsare shi shekara 11. Pio Gama Pinto, ɗan asalin Goa, ya taimaki mayaƙan Mau Mau, aka tsare shi, daga baya aka kashe shi a Nairobi a 1965. A Afirka ta Kudu, shugabannin Indiyawa da na ANC sun ƙulla yarjejeniyar aiki tare a 1947, kuma ko rikicin Durban na 1949, wanda ya ci rai 142, bai wargaza ta ba. Ahmed Kathrada ya yi shekara 26 a kurkuku, yawancinsu tare da Nelson Mandela. Babu mai hankalin da zai tambayi ko Kathrada ɗan Afirka ta Kudu ne.

A Birtaniya, Jayaben Desai, wadda ta zo daga Tanzaniya, ta jagoranci yajin aikin masana'antar Grunwick daga 1976 zuwa 1978, har ma'aikatan haƙar kwal Turawa suka yi tattaki zuwa Landan don mara mata baya. A wancan zamani matasan Asiya da na Karibiyan da yawa suna kiran kansu baƙaƙe a siyasance, domin sun lura mai dukansu ɗaya ne. Shi ma Mahmood Mamdani, yana ɗalibi a Amurka, ya shiga zanga-zangar baƙar fata a Alabama a 1965, aka kama shi. Bayan korar ya sake komawa Yuganda, ya koyar a Jami'ar Makerere, ya sa wa ɗansa suna Kwame don tunawa da Nkrumah.

Inda masu suka ke da gaskiya

Waɗanda suka ji haushin fom ɗin Zohran suna da hujja. A Amurka, akwatin baƙar fata yana ɗauke da tarihin bauta da wariya, kuma haihuwa a Kampala ba ta sa ɗan farfesa da shahararriyar mai shirya fim ya gaji wannan tarihin ba. Zama ɗan Afirka daban, zama baƙar fata a Amurka daban. Shi ma ya yarda da hakan.

Haka nan raina baƙar fata a tsakanin 'yan Kudancin Asiya bai zama tarihi ba. Ɗaliban Najeriya da aka far wa a Greater Noida kusa da Delhi a Maris ɗin 2017 shaida ne. Sai a 2020 kamfanin Unilever ya canza sunan man bilicin ɗinsa na Fair & Lovely bayan matsin lamba. Wariyar gadon daraja ma ta bi su ƙetare, har birnin Seattle ya kafa dokar hana ta a 2023. Fim ɗin da mahaifiyar Zohran, Mira Nair, ta yi a 1991, Mississippi Masala, a kan wannan ne: iyalin da Amin ya kora sun tayar da ƙura don 'yarsu ta so baƙar fata.

Duk wannan gaskiya ne, kuma nauyi ne a kan al'ummar ta gyara. Amma girman kai ba laifin da ake soke wa mutum ƙasarsa a kai ba ne. In ɗan kasuwa ya yi algus, kotu na nan. In dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru, akwai haraji, akwai bashin banki ga masu tasowa, akwai dokar ƙwadago. Da zarar an ce mutum zai tabbata ɗan ƙasa ne kawai in maƙwabta na son halinsa, to kowa ma yana cikin haɗari.

Abin da ya ci Doma

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, kuma cikin waɗanda suka kwashe kayansu daga zango-zango har da Hausawan da aka haifa a can. A 1983 Najeriya ta yi irin nata, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka fita. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A Yulin 2022, a jihar Blue Nile ta Sudan, neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi ya jawo rikicin da ya ci rayuka fiye da 100, bisa hujjar cewa su baƙi ne, alhali kakanninsu sun fi ƙarni a ƙasar. Har gobe kuma takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tana raba yara biyu da aka haifa a asibiti ɗaya.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Karin maganar ta dace da mai kwana biyu ya wuce. Ba ta dace da wanda aka binne kakansa a garin ba, wanda ba shi da wani gidan da zai koma. Kenya ta ɗan gane hakan a 2017, lokacin da Shugaba Uhuru Kenyatta ya ayyana 'yan Asiya a matsayin ƙabila ta 44 a ƙasar. Mataki ne mai kyau, ko da yake ya nuna cewa har yanzu sai mutum ya samu ƙabila kafin a yarda ɗan ƙasa ne.

Nauyin ya rataya a wuya biyu. A kan ƙasa, ta sa takardar ɗan ƙasa ta zama iri ɗaya ga kowa, wadda ba a sokewa don an tuna inda kakan mutum ya fito. A kan wanda ya zo, ya san cewa raina na ƙasa da shi ba zai sa na sama ya ɗauke shi ɗan'uwa ba. Thind ya gwada a 1923, masu kantunan Kampala sun gwada har zuwa 1972. Sunan da ake tunawa da shi da girmamawa a Nairobi da Johannesburg a yau shi ne na Makhan Singh da Kathrada, waɗanda suka shiga kurkuku tare da mutanen garin.